Zagin da Na Aika Argungu

Abin da ba zan taɓa mantawa da shi ba, kuma har yau in na tuna sai raina ya ɓaci, shi ne ranar da matata Hauwa ta yi haihuwar fari. Lokacin muna jihar Sakkwato, ina ƙaramin akawu a wani ofishi a Birnin Kebbi. Haihuwar ta zo tun kafin a mayar da ita gidansu Argungu, ga yarinya kwance a gidanmu na Gwadangaji, nan gefen gari, tana kuka, ita dai a kira mata innarta.

Yayanta Sani na aiki a wani ofishi mai tarho a can. Na karɓi makullin tarhon ofishinmu da magiya (har kwaɗo ake sa masa, kai ka ce rumbu ne), na juya lambar Sani. Lambar gari da ake fara sawa kuwa, ruɗewa ta sa ko tuna ta ban yi ba.

Layi na ta ƙara, na ɗaga murya yadda ake yi in za a kira nesa: "Argungu! A kira man Sani!"

Wata murya ta ce, "Babu wani Sani nan." Ƙit, aka ajiye.

Na sake kira, aka sake ajiyewa. Nan fa zuciya ta ɗebe ni. A kira na gaba ko sallama ban yi ba.

"Kai wane irin malalaci na? Gwamnati na biyanka kana zaune kana kumbura ciki! Tashi ka kira shi, tsohon banza!"

Sai na ji an buɗe ƙofar ofishin da ke jikin namu. Sakatare ne da kansa, mai gidanmu, yana huci.

"Wanga tsohon banza, ta waya kaka son ya amsa maka, ko ta bango? Duka biyun ina jin ka."

Ashe in ba ka sa lambar gari ba, kiran ba ya barin Birnin Kebbi. Kuma duk layukan garin nan, sai nasa na faɗa! Masu buga tafireta suka kifa kai a tebur suna shessheƙar dariya (munafukai, tun kiran farko sun gane, ba wanda ya taɓa ni).

Ya ƙwace makullin, ya ce tunda muryata ta kai haka, in je Argungu da ƙafata in yi ihun a can. Na bi motar albasa na isa wujiga-wujiga, na tarar surukata ta riga ta tafi Birnin Kebbi. Wata mai sayar da kifi ta kai mata labari. Har ta rasu, in an yi haihuwa a dangi sai ta ce, "Kada a aiki mijin Hauwa, shina da tarho."

Yau ga waya a aljihun kowa, jikokina ba su ma san gari na da lamba ba. Ni dai ko wa ya ɓata min rai a waya, sai na fara tambayarsa, "Malam, wane gari kake?" In ya ce nesa, to, sai ya ji abin da ke bakina.