Yadda Za Ka Kauce wa Biyan Wata-wata a Manhajar Tsara Imel

Idan aikinka shi ne aika wa abokan ciniki imel mai hoto da launi, ka san manhajar da ake tsara shi iri biyu ce. Akwai wadda kake biya duk wata, ran da ka fasa a rufe maka ƙofa. Akwai wadda kake saya sau ɗaya, a ba ka lasisi, a ce taka ce har abada. Wannan jagora zai koya maka yadda za ka sayi ta biyun, ka ɗaga kai a cikin jama'a, ba tare da wani ya taɓa kama ka kana biyan ta farkon ba. An gwada hanyar. Wani mutum mai aiki a shagon labule na yayarsa ya bi ta daga farko har ƙarshe, kuma yau ga shi da ransa da aikinsa. Bi matakan a jere, sakamako tabbas ne.

Mataki na 1: Nemi mai ƙaunarka ya biya

Kada ka taɓa aljihunka. Lasisin har abada yana da tsada, kuma don irin wannan rana aka yi 'yan'uwa.

Mutumin namu shi ne auta a gidansu. Yayarsa ce ta raine shi bayan rasuwar mahaifiyarsu, ta yi masa makaranta, da ya gama ta ajiye masa tebur a ƙuryar shagonta, tsakanin bandiran yadi da keken tela. Duk mako yakan tsara imel da hotunan sababbin labulaye da zannuwan gado, ya aika wa duk wanda ya taɓa sayayya. A lokacin Yaya tana tarin kuɗin sabon keke, don tsohon ya fara tsallake zare.

"Yaya, keke zai iya jira," ya ce mata. "Wannan sau ɗaya za ki biya. Daga ke har jikokinki ba mai sake jin maganarsa."

"Auta, ka tabbata?"

"Ga shi nan da manyan baƙi. Har abada."

Ta leƙa, ta ga manyan baƙi, ta biya. Lura cewa bai karanta ƙananan baƙin ba. Kai ma kada ka karanta. An ƙanƙanta su ne don tausayin idonka.

Mataki na 2: Raina masu biyan wata-wata

Mallakar da mutane ba su sani ba asara ce. Nemi wanda za ka yi wa gori, zai fi kyau ya kasance kusa.

A shagon da ke jikin nasu akwai wata Hajiya mai sayar da jakunkunan tafiya, ita ma tana aika imel, amma duk wata take biya. Auta ya sa mata suna 'yar haya. Da wata ya doshi ƙarshe sai ya tsaya a bakin ƙofarta, hannu a aljihu.

"Hajiya, a shirya fa. Mai gidan haya yana tafe karɓar nasa."

Ita kuwa ba ta ɗago daga jakar da take gogewa. "Sannu da ƙoƙari, Malam Har-Abada."

Sunan ya bi shi. Mai kawo yadi ya ɗauka, mai gadin layin ya ɗauka, har tela da yake cin abinci kwano ɗaya da shi ya ɗauka. Shi kuwa yana amsawa da fara'a. Idan aka yi maka irin wannan suna, ka ɗauke shi a matsayin sarauta.

Mataki na 3: Kada ka tambayi abadan wa ake nufi

Shekara ba ta cika biyu ba kamfanin ya aiko da saƙon gaisuwa. Sun gode da amana. Sun fitar da sabuwar manhaja mai kyau, ta wata-wata. Tsohuwar tana nan taka ce, ba mai ƙwace maka, sai dai ba za su ƙara gyara ta ba, kuma lasisin a jikin kwamfutar da aka fara sa shi yake, ba ya ƙaura.

Wato dai abadan na kwamfutar ne. Auta ya karanta saƙon, ya dubi kwamfutar da tun ranar da aka sayo ta 'yar gwanjo ce, ya goge saƙon. Haka ake yi. Labarin da ka goge bai faru ba.

Mataki na 4: Yi jinya

Daga yau kwamfutar nan majinyaciya ce, kai ne ɗan jinya.

Auta ya hana ta sabunta kanta, don kada manhajar ta ƙi tashi. Ya hana tela sa dutsen guga a soket ɗaya da ita. Ya ɗora ta a kan katako don iska ta ratsa ta ƙasa. Da ta fara zafi tana huci kamar wanda ya hau bene a guje, sai ya je gida ya ɗauko fankar ɗakin kwanansu.

"Baban yara, ina za ka kai mana fanka?" in ji matarsa.

"Aiki ne ya taso."

"Aikin ne yake jin zafi?"

"Ƙwarai," ya ce, ya fita da ita a kafaɗa.

Mataki na 5: Ɗora laifin a kan wayoyin mutane

Wayoyi za su yi ta canzawa, manhajarka tana tsaye inda aka bar ta. Imel ɗin da ya fita tsaf a tebur ɗinka zai isa hannun mutane a karye.

Labule mai faɗi ya koma siriri kamar igiyar shanya. Farashi ya hau kan hoton matashin kai ya zauna. Madannin da aka rubuta "Saya yanzu" ya faɗa can ƙasa inda yatsa ba ya kaiwa. Wata tsohuwar mai ciniki ta kira tana tambaya ko shagon ya koma sayar da ɗankwali.

Yaya ta kawo masa wayarta. "Auta, mene ne wannan?"

Ya karɓa, ya juya ta, ya ɗan taɓe baki. "Wayarki ce, Yaya. Waɗannan sababbin ba su da tarbiyya."

Ta koma kan awo. Amma ciniki ya ja baya, kuma yana ganin yadda take daɗewa a gaban akwatin kuɗi kafin ta rufe. Wannan ya hana shi sukuni, don duk girman kansa yana son yayarsa.

Mataki na 6: Yi haya a ɓoye

Nan ne ake gane gwani. Biya na wata-wata, amma kada kowa ya sani.

Auta ya yi rajistar sabuwar manhajar da katin bankinsa, a ƙaramar kwamfutar da matarsa take shirya darasin ɗalibanta. Kafin ya fita da safe ya tsara imel a gida ya aika. A shago kuma ya kunna tsohuwar kwamfutar, ya kunna mata fanka, ya zauna yana motsa hannu da fuskar mai tunani. Labulaye suka dawo da faɗinsu. Ciniki ya farfaɗo.

"Ka ga," in ji Yaya, "ashe wayoyin sun yi hankali."

"Dama lokaci suke so," ya ce. Ya kuma ci gaba da tsayawa a ƙofar Hajiya duk ƙarshen wata. Kada ka daina gori don kawai ka zama abin da kake yi wa gori. Dainawa ita ke jawo zargi.

Saura matsala guda. Kuɗin cefane ya ragu, matarsa kuma malamar lissafi ce. Da ta tambaya, ya sunkuyar da kai ya ce kasuwa ta yi sanyi, Yaya ta ɗan rage masa albashi.

"Yaya da kanta?" ta ce. "Duk wahalar da kake mata, har fankarmu?"

"Ki bar maganar. Kada ki nuna mata kin sani."

Mataki na 7: Raba mutanen da suka san rabin labari

Matarsa ta bar maganar, amma ta daina leƙawa shago in ta taso daga makaranta. Gaisuwar da a da sai an yi ta da tafa hannu ta koma "ina wuni" a waya. Yaya, wadda ita ta je neman auren nan da ƙafarta, ta yi ta bincikar kanta ko ta faɗi wata magana.

"Auta, na yi wa matarka laifi ne?"

"Gajiya ce kawai, Yaya. Lokacin jarrabawa ne."

Ka riƙe wannan amsa. A makaranta kullum akwai wata jarrabawa da ke tafe.

Mataki na 8: Manta cewa katin banki ma yana da wa'adi

Wata safiya mai kula da sayayyar wani sabon otal ya kira. Suna son labulen dukan ɗakuna. A aiko masa da hotuna da farashi kafin azahar, don akwai wasu shagunan a layi. Yaya ta ajiye wayar. Irin wannan ciniki shi ne zai riƙe shagon har baɗi.

Auta ya ce zai je ya dawo, ya ruga gida, ya buɗe ƙaramar kwamfuta. Manhajar ta gaishe shi da ladabi, ta ce katinsa ya ƙare aiki, an kulle dukan tsare-tsarensa sai ya biya. Ya kira banki, suka ce ya zo ya cike takarda, sabon kati sai wani mako.

Ya dawo shago da gumi, ya zauna gaban tsohuwar, ya buɗe manhajar da ya yi watanni bai taɓa ba. Ta yi tunani. Ya loda mata hotunan labule masu nauyi. Kwamfutar ta yi wani ƙara a ciki, fuskarta ta yi baƙi, wani siririn wari ya tashi.

Tela ya shaƙi iska. "Wa ya bar dutsen guga a kan yadi?"

Babu wanda ya bari.

Mataki na 9: Je wurin 'yar haya

Cire hannu daga aljihu kafin ka shiga. Yi sallama a hankali.

Hajiya ta saurare shi har ƙarshe, ba ta yi dariya ba, wanda ya fi dariyar ciwo. Ta tashi daga kujerarta ta ce ya zauna. Yaya ta biyo shi da hotuna a waya, ta tsaya a bayansa.

A nan ya yi kuskuren da muke roƙonka kada ka yi. Saboda sauri ya manta ya yi kamar baƙo. Yatsunsa suka bi manhajar kamar mai shiga ɗakinsa cikin duhu: nan ya ja hoto, can ya gyara launi, bai tambayi inda komai yake ba.

Hajiya ta naɗe hannu. "Malam Har-Abada, hannun nan naka ya san gidan nan fa. Ni da nake biya ban san wannan lungun ba."

Ya aika imel ɗin. Sannan ya zauna yana kallon teburin.

"Tun yaushe?" in ji Yaya.

"An ɗan jima."

"Da kuɗin wa?"

"Nawa."

"Matarka ta sani?"

Yaya ta jawo kujera ta zauna, muryarta ta yi ƙasa. "Auta, me ka gaya wa yarinyar nan a kaina?"

Ya faɗa. Hajiya ta tuna tana da aiki a waje, ta fita ta ja musu ƙofa.

"Da ka zo ka ce, Yaya, na yi kuskure, me zan yi maka?" ta ce. "Duka? Na goya ka kana yi mini fitsari a baya ban yar da kai ba, sai a kan kwamfuta? Amma ka sa matarka tana kallona a matsayin mai cin gumin ƙanenta."

Mataki na 10: Zauna a waje

Da yamma aka rufe shago, Yaya ta ce ya ɗauko fankar, gidansa za su. Ta shiga ta ce masa ya jira. Ya zauna a kan matakala da fanka a cinya. Ya ji muryar Yaya, ya ji kukan matarsa. Daga nan sai dariya, kuma dariyar ta fi kukan daɗewa nesa ba kusa ba. Sau ɗaya aka buɗe ƙofa, matarsa ta karɓi fankar, ta sake rufewa.

Otal ɗin ya ba su aikin. Da yake imel ɗin daga wurin Hajiya ya fita, da tambarin shagonta a ƙasa, mutumin ya haɗa da jakunkuna na ma'aikata. Yanzu shago ne ke biyan manhajar duk wata, da sunan Yaya. Kalmar sirri kuma tana hannun matarsa. Duk ranar da zai yi aiki sai ya kira ta a makaranta, ita kuma sai ta kira Yaya ta ji ko gaskiya ne.

Sanarwa

Mai wannan jagora ba ya ɗaukar alhakin kwamfutar da ta ƙone, ko cinikin da ya kuɓuce, ko sunan da aka laƙaba maka a layinku. Idan yayarka ba ta kai tasa haƙuri ba, kada ka kawo mana ƙara, ba mu muka zaɓa maka ita ba. Wanda kuma matarsa da yayarsa suka haɗe masa kai sanadiyyar bin shawararmu, ya sani wannan ba na wata-wata ba ne. Sau ɗaya ake sayensa, kuma ba a mayarwa.