Yadda Limbani Ya Ɗora Wa Laburare Jinya

"Ni majalisar garin nan na san ta kamar yunwar cikina," in ji Limbani Kachale. "In ta yi atishawa, ni na san wanda ya shaƙa mata barkono."

Kada ka tambaye ni muƙamin da ya riƙe, abokina. Masinja ne, shayi yake kai wa manya, har ya yi ritaya. Amma tun da ya naɗa kansa shugaban masu kishin laburaren garin, sai ya sayi kwat da jakar hannu, 'yan kasuwar kifi kuwa suka raɗa masa Kansila Ba Kujera.

Ana nan sai majalisa ta ce ta sami kuɗin gyara, amma ba za su ishi wuri biyu ba. Ko laburare, ko tsohon sansanin dutsen da ke kan tudu yana kallon tafki. Injiniya za ta zo ta duba wanda ya fi buƙata. Mai kula da sansanin kuwa Gondwe ne, mijin ƙanwar Limbani, mutumin da suka daɗe ba sa ga maciji.

Laburaren ba wani ciwon kirki gare shi ba. Kusurwa ɗaya ke yoyo, sai tagogin da 'yan ƙwallo suka fasa. Wannan fa ya hana Limbani sakat. Ya ce wa Esnart, matar da ke kula da littattafan, likita ba ya duba mai tari alhali ga mai suma a kwance. Esnart ta ce ya rufa mata asiri ya bar ginin yadda Allah ya ajiye shi. Ta tafi bikin 'yarta a Mzuzu, ta yi kuskuren bar masa makulli.

Ranar Asabar gogan naka ya hau tsani, ya ɓamɓare kwanon rufin gefe guda, ya kai bayan gidansa ya lulluɓe da ciyawa. Ya dawo ya ja da baya ya duba, ya ga har yanzu ginin da sauran ƙwarinsa. Sai ya ɗauko guduma don ya ɗan zana tsaga a bango. Bangon kuwa ashe jira yake a taɓa shi, ya dare tun daga taga har ƙasa. Limbani ya ɗan razana, sannan ya ce wannan ai ƙarin miya ne.

Ranar Lahadi, mutane na coci, ya aro awakin maƙwabciyarsa ya zuba ciki don wurin ya yi warin kango. Awakin suka fi shi son ilimi. Kafin a tashi daga addu'a sun cinye jaridu, sun gama da taswirar duniya, wani bunsuru ya fara ƙamus.

Gondwe ya biyo da tsintsiyarsa, don shi duk shirinsa na tarbar injiniya shara ne. Ya leƙa ya ce, "Suruki, gyara ake yi ko biki?"

"Siyasa ake yi, malam mai gadin duwatsu. Ba ajinka ba ne."

Da la'asar hadari ya taso daga tafki. Esnart ta sauka daga mota ta tarar ruwa na zuba a kan littattafai kamar da bakin ƙwarya. Ba ta tsaya zagi ba, ta yi kururuwa, matan kasuwa suka juye kifinsu suka zo da robobi, aka yi ta kwasa zuwa coci. Abin da ya jiƙe ya jiƙe. Ta dubi Limbani, hawaye da ruwan sama sun haɗu a fuskarta, shi kuwa ya ce mata ta kwantar da hankalinta, gobe za ta gode masa.

Da gari ya waye injiniya ta iso, ita da shugaban majalisa da wani ɗan sanda mai rakiya. Limbani ya tarbe su da hankici a ido. Ya ce shekara da shekaru yara na karatu ƙarƙashin mutuwa. Ya ce shi kansa ba ya shiga sai ya yi sallama da iyalinsa. Ya ce jiya-jiya katako ya kusa raba wata tsohuwa da duniya. Injiniya na gyaɗa kai, shi kuwa yana ƙara gishiri, yana yi wa Gondwe da ya zo kallo gwalo da ido.

Da ta gama zagayawa ta ce, "Baba, ka yi gaskiya. Wannan gini ya wuce gyara, sai rushewa. Kuɗinmu kuwa na gyara ne, don haka sansani za su tafi. Za a gyara ɗaki ɗaya a can a zuba littattafan."

Hankici ya faɗi. Limbani ya ce ai ba a fahimce shi ba, ginin nan garau yake kamar saurayi. Don ya nuna mata, ya kai wa ginshiƙin baranda duka da tafin hannu. Ginshiƙi ya yi sujada, baranda ta bi shi, ƙura ta turnuƙe shugaban majalisa.

"Na rantse shekaranjiya lafiyarsa ƙalau," in ji Limbani yana tari. "Ni na yi duk wannan da hannuna. Kwanon ma yana bayan gidana."

Ɗan sanda ya matso a hankali ya ce, "Baba, ɗan maimaita, ban ji ƙarshen ba."

Alƙali ya tausaya wa furfurarsa, bai ɗaure shi ba. Ya dai yanke masa ya kwashe littattafan nan kaf a ka, daga coci zuwa kan tudu, ya miƙa su hannun Gondwe.

Yana cikin hawa wata rana, kwat ta jiƙe sharkaf, kwali a ka, sai ya tarar Gondwe na zagayawa da baƙi masu yawon buɗe ido. Wata ta nuna kangon laburaren a ƙasan tudu ta tambaya ko wancan ma kufai ne na tarihi.

Gondwe ya ce, "Ƙwarai kuwa, uwargida. Wannan da muke ciki, sai da aka haɗa igwa da gara da damina ɗari kafin ya zama haka. Wancan kuwa surukina ne shi kaɗai, Asabar da Lahadi. Ga shi nan tafe ma, in kuna son hoto."