Zanen Da Na Goge A Cikina

Ko ƙari na gaba a kaina zai fito, ba zan taɓa mantawa da wata Litinin ba. Shekara goma sha shida ina jan buhu a izin, wato masana'anta, a Saint-Fons kusa da Lyon, sai cikina ya fara nauyi, loma uku na ƙoshi. Aka duba, aka ce ƙari ne a hanta, girmansa ya kai gwanda. Ba ciwon daji ba ne, amma inda ya zauna wuƙa ba ta shiga lafiya. Aka tura ni wajen Paris, inda ke da na'urar da ke harba wani haske, proton suke ce masa. Yana shiga ya tsaya daidai kan ƙarin, ya bar sauran hantar.

Na sauka a Aubervilliers, nan gefen Paris, gidan Alhaji, ƙanen mahaifin matata. Shi ke raka ni yana yi mini tafinta, don faransancina na ɗaukar kaya ne. (Mutumin da ko abinci ban taɓa ci a gabansa ba.)

Ranar awo suka kwantar da ni, suka zana mini alamomi uku a ciki, suka liƙa leda a kai. Da su ake saita na'urar. Malamar asibitin ta ja kunnena: in sun goge, sai an sake awo, a sake shiga layi. Ni kuwa hutun jinyata ƙidayayye ne, patron, maigidanmu a wurin aiki, ya riga ya fara cigiyar wani.

Mako guda ina wanka kamar mai tsoron ruwa. Ranar Asabar matata ta hawo jirgin ƙasa daga Lyon ta zo duba ni. Ba zan yi dogon bayani ba. Da asuba dai wanka ya wajaba, na tsaya ina kallon ledar, na ce ruwa bai taɓa fata ba, ina salla? Na ɓamɓare, na sa soso na dirje tas.

Litinin na ɗaga riga, malamar ta duba cikina. Ta juya wajen Alhaji.

"Tana tambaya ina zanen," in ji shi.

"Wanka na yi, Baba."

Ya faɗa mata, ta sake magana.

"Ta ce duk makon nan kana wanka bai goge ba. Me ya faru jiya? Likita zai so ya sani, ko ƙaiƙayi ne."

Na dubi rufi, na dubi takalmina. In na ce ƙaiƙayi, su ɗaga maganin su shiga binciken fata.

"Wankan wajibi ne, Baba."

A gidansa, da 'yarsa, bango ɗaya tsakaninmu. Alhaji ya gyara hula, ya ce mata al'amarin addini ne, bai ƙara ba. Sai da muka shiga metro, jirgin ƙarƙashin ƙasa, tasha ta huɗu, ya ce, yana kallon taga:

"Ashe dai jikin da sauƙi." Can ya ƙara da cewa, "Shafawa ake yi a kan ledar, Malam. Da ka tambaya."

Kwana tara aka ƙara mini. Da na koma Saint-Fons an ba wani wurina, aka mai da ni shara. Ƙarin ya motse, ina cin tuwo har malmala biyu. Gidan Alhaji ne dai har yau ban iya kwana.

Na guji tambayar malami ɗaya a asirce, na amsa ta a gaban suruki, cikina a buɗe. Yanzu ko maganin mura aka ba ni, sai na yi tambaya har likita ya gaji.