Kwamfutar da Na Yi wa Ƙazafi

Jiya, jama'a, saura ƙiris in raba wa ɗalibaina jarrabawa haɗe da amsoshinta.

Ni malamin lissafi ne. A littafin aiki na kwamfuta nake rubuta tambaya, amsa a ƙarƙashinta, sannan in juya shi zuwa PDF a buga. Akwai ɗan fayil na saiti da ake rubuta wa na'urar umarni a ciki. Na rubuta a ɓoye amsoshi. Na juya, ta ce an kammala cikin nasara. Na buɗe, ga amsoshi nan reras. Sau bakwai ina maimaitawa, man janaretan da na yi awa uku a layi kafin in samu yana ta ƙonewa, jarrabawa kuma ƙarfe goma.

Ban yi fushi ba. Wani Ranka-ya-daɗe ne ya raba mana kwamfutocin, da rumfa da makaɗa, kuma a motarsa aka kawo su. Na ce a hanya ta kwashi hali: a karɓi kokenka da fara'a, a ce an yi.

Na je wurin Malama Fadila mai koyar da kwamfuta. Muka gaisa a tsanake, ta tambayi mutan gida, na tambayi yara, sannan na kwashe labarin fayil ɗin saiti na faɗa mata.

"Malam Audu, ina ka ajiye fayil ɗin?"

"A mazauninsa mana. Folda na buɗe masa mai suna Ƙa'idoji, cikin Muhimman Takardu, cikin Zango na Biyu."

Ta yi dariya har da dafa tebur. "Tsarinka ne ya cuce ka, Malam. Ita wuri guda take dubawa. In ba ya nan ba ta cigiya, ba ta kuma faɗa maka."

Ta jawo shi ta ajiye kusa da littafin. Amsoshi suka ɓace, saura minti ashirin.

Da la'asar na ba maƙwabcina Babaji labari a Ƙofar Sauri. Na ce kada mu zalunci manya, wataƙila koken famfon unguwa da muka kai musu shekara uku da suka wuce, folda muka kuskure.

"Wace folda, Malam? Hannu da hannu na miƙa wa Mai Girma. Ina tsaye ya ɗora kofin shayinsa a kai."

Don haka ina neman gafarar kwamfuta. Ita baiwar Allah, da takarda ta iso gabanta, karantawa ta yi.