Yadda Za Ki Koya wa Baƙuwa Sifaniyanci da Ruwan Wanka

Ke da makarantar harshe ta ba ki ɗaliba ki sauke a gida, bi wannan. Karatuna bai yi nisa ba, amma nan garin Oaxaca na ƙasar Meziko babu wanda ya bar gidana bakinsa a rufe.

1. San abin da kike nema
Ni ruwan wanka nake nema. Mijina Eusebio cikin baho yake wanka, ya kai wa lemun tsamin da ya dasa ruwan. Tun rasuwarsa ruwan mutum ɗaya ba ya isar bishiyar, kuma a unguwarmu ba a zuba wa itace ruwa mai tsabta, maƙwabta na kallo. Sai na karɓi Annika, 'yar Suwidin, don makaranta ke cika tankin wankan ɗalibai.

2. Fara da kaya masu nauyi
Baho, guga, bokiti. Sa ta faɗi sunan kowanne tana ɗauke da shi. Kalmar da ta sagar da hannu ba ta zubewa.

3. Yi hattara da malamansu
An yi musu darasin tattalin ruwa, har da hotunan busassun tafkuna. Ta dawo ido jajir, ta koma goge jiki da tsumma. Abin da ta bari a baho ko kaza ba zai ƙosar ba.
"Mama, ni ceto duniya," ta ce.
"Sannu da ƙoƙari," na ce. Ganyen lemo ya fara naɗewa.

4. Kada ki yi dogon bayani
Na ɗauko mata labarin Eusebio. Ina kaiwa kan bahon, na yanke labarin. Ta zaci darasi ne, ta ciro biro.

5. Nemo maƙwabciya marar kunya
Tawa Chayo ce. Ta shigo, ta ja hanci.
"Ƙawata, bunsuru kika saya?"
"Ɗaliba ce."
"To a shanya ta a rana."
Annika ta gane tsaf, babu ƙamus. Ranar ta cika baho ta yi wanka, ta kai ruwan gindin lemo da kanta, tana zagin Chayo babu kuskure ko ɗaya.

Gargaɗi
In taki ta koma gida da ashar a baki, ko malamin ya zo ƙorafi, babu hannuna. Lemo ya fid da fure, Annika kuma ta tafi. Na roƙi makaranta wata, amma a zaɓo mini wadda darasi ba ya shigarta.