Ƙafa ta Huɗu

A wani daji, can bayan kogi, akwai kasuwa da ke ci ranar Laraba. A gabashinta akwai rumfuna goma sha biyu a jere, na masu haɗa kiɗan gambarar zamani. Kowace rumfa da kwamfuta, da sifika biyu, da mai ita. Mawaƙi ya zo, ya saurara, ya zaɓi kiɗa, ya ɗora baitinsa a kai. Sana'ar ke nan.

Da can kowace rumfa da muryarta. Daga bakin tafki kana iya cewa wannan hannun Kurege ne, wancan na Zomo. Sai wata shekara aka shigo da wani kiɗa daga ƙetaren kogi. Sama yana zuba kamar ruwa a kan rufin kwano, ƙasa ganga tana rugugi. Ya yi daɗi, ba wanda ya musa. Tare da shi aka kawo wani madanni mai suna Madaidaici. In ka danna shi, duk bugun da ya yi gaba ko ya yi baya sai ya koma kan layi.

Kafin damina ta fita, rumfa goma sha ɗaya kiɗa ɗaya suke yi. Abin da ya raba su kawai sunan da kowa ke ƙwalawa a farko. "Kurege ne a kan na'ura!" "Zomo ya dafa!" Bayan suna, sai ruwan kwano.

Suna da ƙungiya. Shugabanta wani gwaggon biri ne, Ciyaman Ɗantsoho. Yawancin aikinsa shari'ar sata. Kurege ya taɓa kai ƙarar Zomo, wai ya sace masa kiɗa. Aka kunna biyun. Alƙalai suka kasa gane wanne ne na wa. Masu ƙarar ma suka kasa. Aka ɗage zaman, har yau ba a koma ba.

Rumfa ta goma sha biyu ta wata yanyawa ce, Kandala. Ƙarama ce, kunnuwanta sun fi kanta girma. Ba ta taɓa danna Madaidaici ba, don haka mawaƙa suka daina zuwa wurinta. Tana zaune, tana saurare.

Hanyar tafki ta bayan rumfarta ta bi. Kowace safiya wani tsohon gwanki, Baba Jatau, yakan wuce shan ruwa. Tun yana saurayi tarkon maharbi ya kama masa ƙafar baya, ya fizge, ƙafar ta warke a karkace. Tafiyarsa a kan dutse: kaf, kaf, kaf, sai ɗan shiru, sannan kwas. Ta huɗun kullum a makare take zuwa.

Wata safiya Kandala ta tare shi da makirufo a hannu.

"Ina kwana, Baba. Alfarma nake nema. Ina son in ɗauki sautin tafiyarka."

Ya dube ta daga sama har ƙasa. Bai ɗauki lokaci ba, don ba ta da tsawo.

"Ke 'yar nan, shekara talatin ana yi wa ƙafar nan dariya kyauta. Yanzu kuma a sifika?"

"Ba dariya ba ce, Baba. Duk dajin nan ba mai kiɗa kamar ƙafarka."

"Na ji kuna da abin da ke miƙe karkatacce."

"Muna da shi."

"In kika miƙe ta, ba tawa ba ce. Na wahala kafin in same ta."

"Ba zan taɓa ta ba."

Ya yi tsaki, ya wuce. Amma ya wuce a hankali, kusa da makirufo, har sau biyu.

Kwana shida ta yi a kan aikin. Taku ukun farko ta mayar da su ganga. Na huɗun ta bar shi inda yake, a makare, da shirunsa a gabansa. Mawaƙi ɗaya ne ya leƙo, wani burtu mai suna Ɗanliti, wanda sauran rumfuna suka kora, wai muryarsa ta yi nauyi, ba ta iya bin ruwan kwano. Ya saurara sau uku.

"Kandala, kiɗan nan yana da wurin numfashi," in ji shi. "Shekara biyu rabona da in ja numfashi a tsakiyar baiti."

Labari ya kai ƙungiya. Aka kira zama. Ciyaman Ɗantsoho ya hau kututture, ya gyara murya.

"'Yan uwa masu sana'a, mun ci gaba. Da, kowa yana buga abin da ya ga dama, baƙo ya zo ya rasa inda zai sa kunne. Yau baƙo ya shiga kowace rumfa, ya san abin da zai samu. Wannan shi ne inganci. Yanzu an ce mana wata daga cikinmu ta haɗa kiɗa mai kuskure, kuma ta san da kuskuren, kuma ta ƙi gyarawa. Na saurara da kaina. Bugu na huɗu ba ya zuwa a kan lokaci. Na jira shi, 'yan uwa. Ni, Ciyaman, kiɗa ya sa ni jira! In 'yan ƙetaren kogi suka ji, me za su ce da mu? Ba ma hana kowa ƙirƙira. Kowa ya ƙirƙira, amma irin wadda ake yayi. Hukunci shi ne, ko ta danna Madaidaici a gabanmu, ko ta bar rumfa."

Aka yi tafi. Tafin ma a kan layi yake.

Kandala ta miƙe. Miƙewar ba ta ƙara mata komai ba, sai da ta hau dutse.

"Ranka ya daɗe, ba zan danna ba. Na yi wa mai ƙafar alkawari. Amma ga Laraba nan. A kunna a kasuwa. In ba a taka ba, da kaina zan kwashe kayana."

Ciyaman ya yarda, da sharaɗi ɗaya: ƙungiya za ta gyara nata kwafin, a fara kunna gyararren, jama'a su ji bambanci. Kurege aka ba rumfar tun kafin ranar. Har ya zo ya auna ƙofa.

Laraba da hantsi kasuwa ta cika. Aka kafa sifika a gindin kuka. Zomo ya danna Madaidaici, bugu na huɗu ya koma kan layi, aka kunna. Kiɗa ya fito sumul. Ya yi kama da na Kurege. Ya yi kama da na Zomo. Kurege ya ce nasa ne, Zomo ya ce ƙarya yake. Masu ciniki kuwa ba su ɗago kai ba. Jimina mai sayar da gero ta tambayi maƙwabciyarta ko an fara.

"An gama," in ji maƙwabciyar.

Sai aka kunna na Kandala. Kaf, kaf, kaf. Shiru. Kwas.

Jimina ta tsaya da mudu a baki. Kaf, kaf, kaf, duk kasuwa ta riƙe numfashi, sannan kwas, kafaɗu suka faɗi tare. A zagaye na uku Ɗanliti ya ja iska a cikin shirun nan, ya saki murya daga ƙirji:

"Tarko ya kama, bai riƙe ba.
Na zo a makare, amma na zo."

Bushiya ce ta fara takawa. Sai gada. Sai mugun dawa, wanda ba a taɓa ganin ya yi murna ba. Giwa ta ajiye dammin rake, ta jira bugu na huɗu, ta sauke ƙafa tare da shi, tulunan mai tukwane suka amsa. Ciyaman Ɗantsoho ya zauna ƙyam, fuska a murtuke, hannu a ƙirji. Wutsiyarsa ce ta ci amanarsa. Duk kasuwa ta gan ta tana jira, tana faɗuwa.

Ana cikin haka Baba Jatau ya fito daga hanyar tafki. Bai yi rawa ba. Tafiyarsa kawai yake yi, irin ta kullum. Amma kowane taku nasa ya faɗa daidai da sifika, har na huɗun. Jama'a suka buɗe masa hanya. Ya ratsa tsakiyar kasuwa, kai a sama, inda shekara talatin yake bi ta gefe. Da ya iso gaban Kandala ya tsaya.

"Ba ki taɓa ta ba."

"Na ce ba zan taɓa ba, Baba."

"To."

Ya wuce. A wurinsa wannan doguwar magana ce.

Sau tara aka maimaita kiɗan. Kurege ya koma gida da igiyar awonsa. Kafin la'asar mawaƙa sun yi layi a rumfa ta goma sha biyu, har da waɗanda suka daina gaishe ta. Ciyaman ya sake hawa kututture, ya ce ƙungiya ta daɗe tana lura da baiwar Kandala, zaman da aka yi gwaji ne don a ƙarfafa ta, kuma ya yi nasara.

Washegari masu rumfa goma sha ɗaya suka tare Baba Jatau a hanyar tafki, kowa da makirufo.

"Baba, a koya mana sirrin. Yaya ake samun shirun nan?"

"Akwai tarko a gindin marke, yamma da tafki," in ji shi. "Har yanzu yana aiki. Ku je ku taka."

Ba wanda ya je. Sai suka aika ƙetaren kogi, aka ƙera musu sabon madanni mai suna Majinkirci. In ka danna, yana jinkirta bugu na huɗu, daidai gwargwado, a kowace rumfa. Ƙungiya ta kafa doka: duk kiɗan da bai yi ɗingishi ba, kuskure ne.

Kandala ba ta halarci zaman ba. Tana bakin tafki da makirufo, kunnuwa a miƙe, tana sauraren yadda wani tsohon kwaɗo mai tari ke katse kukansa.

Kafin wata ya mutu, duk dajin ɗingishi ake yi, kowa da ƙafar baya ta hagu. Ranar Laraba har maciji an gani yana yi.