Ranar da Na Kashe Garba a Gidan Biki

Ba zan taɓa mantawa da bikin ƙanwar maigidana a Zurmi ba. Ko na so in manta ma ba zai yiwu ba, don dangin mijina sun raba aikin tuna mini a tsakaninsu, kowa da ranarsa.

Ni malamar firamare ce a Ƙaura Namoda, kuma ina da wata jaraba da ba kasafai nake faɗa a cikin mutane ba: karatun littattafan nan na Turanci masu kaurin bulo, na yaƙe-yaƙen wasu duniyoyi da marubuci ya ƙirƙiro daga kansa. Tun ina sakandare na tsinci ɗaya wajen wani mai baza tsofaffin littattafai a bakin titi, bangon ma ya yage. Daga ranar ban sake warkewa ba. Har na shafa wa ƙanwata Rukayya.

In ba ku taɓa karanta irinsu ba, bari in rage muku wahala. Kuna buɗe bango za ku ci karo da taswira, da duwatsu da koguna da garuruwan da ko direbobin tashar Shinkafi ba su taɓa jin sunansu ba. (Ni da har yau ba zan iya kwatanta wa baƙo hanyar Banga da ke nan kusa da mu ba, amma in an tashe ni daga barci zan zana waccan taswirar.) Sai a kawo muku wani maraya yana kiwon awaki a ƙauye, bai san komai ba, ashe wai shi ne magajin sarautar duniya baki ɗaya. Sai ga wani tsoho mai gemu da sanda, wanda ya san duk abin da zai faru amma ya rantse ba zai faɗa kai tsaye ba. Da zai zauna ya yi bayani irin na mutane, da labarin ya ƙare a babi na biyu. Daga nan sai tafiya. Jama'a, ana tafiya a littattafan nan! A yi ta tafiya a ƙasa, a hura wuta a daji, a ci busasshen burodi, a tashi a ci gaba. Babu mai ciwon ƙafa, babu mai neman bayi, babu mai cewa ya baro gero a gona. Kowane takobi da sunansa, kamar an yanka masa rago. Ga kuma wani ƙaton maciji mai fukafukai yana aman wuta. In kun kai shafin ƙarshe sai ku gane ashe duk gabatarwa ce, akwai wasu littattafan a gaba, shi kuma marubucin ya tafi hutu bai ce ga ranar dawowa ba.

Duk na san wannan, da bakina nake kushe su. Amma in na kama ɗaya, to ranar sai miya ta kama.

Babbar matsalarmu ni da Rukayya ita ce sunaye. Suna ɗaya sai ku ga baƙaƙe sun yi cincirindo kamar layin gidan mai, babu wasali ko ɗaya da zai raba su. Sai muka yanke shawarar raɗa musu namu. Tsohon nan mai sanda ya zama Malam Dogo. Gimbiyar da kullum take cikin fushi ta zama Talatu. Wanda muka fi ƙauna kuwa wani barde ne mai tabo a kumatu, mai riƙon amana, wanda macijin nan ba ya jin maganar kowa sai tasa. Sunansa ya fara da harafin G, sauran kuma sai dai mutum ya yi tari. Muka ce Garba.

Lokacin bikin ban daɗe da aure ba, kuma shi ne karo na farko da zan zauna cikin dangin maigida gaba ɗayansu. Na tafi da niyyar nuna kunya da natsuwa, musamman a gaban surukata, Inna, wadda ba ta da yawan magana amma idonta ba ya barin komai ya wuce. Sabon littafin da muka samu na bar shi a Ƙaura a hannun Rukayya, bayan na ja mata kunne kada ta kuskura ta faɗa mini ko kalma ɗaya.

An gabatar mini da mutane da yawa a gidan, sunaye suka cakuɗe mini. Shi ya sa ban riƙe cewa akwai Garba na gaske ba, ɗan yayan Inna, mai mata Hauwa da jaririya a goye. Ban kuma san tun hantsi aka aike shi Moriki a kan babur ya ƙaro lemo da kayan miya ba. Wanda ya san hanyar nan ya san in mutum ya bi ta, iyalinsa ba sa samun natsuwa sai sun ji ƙarar babur ɗinsa a ƙofar gida.

Ranar wuni, bayan la'asar, gida ya cika maƙil, masu kiɗan ƙwarya sun saki hannu, sai wayata ta yi ƙara. Rukayya ce. Saboda hayaniya na zaga bayan rumfar girki, inda Gwaggo Asabe, ƙanwar mahaifin maigidana, take tuƙin tuwon shinkafa a wata ƙatuwar tukunya. Na juya mata baya, na toshe kunne ɗaya da yatsa.

Kuka na fara ji.

"Yaya, na san kin hana ni," in ji Rukayya, "amma wallahi ba zan iya riƙewa ni kaɗai ba. Sun kashe shi."

Na san wanda take nufi. To ku tuna, Gwaggo Asabe ba ta jin Rukayya, ni kaɗai take ji, kuma mai yatsa a kunne ba ta san ƙarfin muryarta ba. Ga abin da ya shiga kunnen baiwar Allah nan:

"Innalillahi! Garba? Sun kashe Garba? A kan hanya? Kwanton ɓauna suka yi masa? Su nawa ne? Shi kaɗai, ba wanda ya kawo masa ɗauki? Wayyo Allah! To yanzu ina suka nufa? Cikin gari?"

Hawaye kuwa na gaske, shaɓe-shaɓe, ina gogewa da bakin mayafin ankon da ban gama jin daɗinsa ba. Na ji ƙarar faɗuwar muciya a bayana, ban waiwaya ba. Da Gwaggo ta ƙara haƙuri kaɗan, da ta ji tambayata ta gaba, wato, "To shi macijin ina ya tafi ya bar shi?" Wataƙila da ta tsaya ta yi tunani. Amma ta riga ta yi gaba.

Na daɗe a wurin muna yi wa juna ta'aziyya ni da Rukayya, muna tsine wa marubuci. Sai da na kashe waya na lura kiɗa ya tsaya.

Ina zagayowa tsakar gida na ga abin da ban taɓa gani ba. Mata na ta fizgar yara, wata ta goya ɗan da ba nata ba. Takalma a warwatse, farantai a kife, an tuntsurar da robar zoɓo. Ƙawayen amarya sun ja ta ɗaki sun sa sakata. A waje ina jin muryoyin maza, wani na cewa a rufe ƙofar gida, wani na cewa a'a, a buɗe mutane su fita. Wata mata ta yi karo da ni, ta riƙe kafaɗata tana haki.

"An kashe Garba!" in ji ta.

Ni kuwa, da jajayen idanuna, na buɗe baki na ce, "Wallahi kuwa, yanzu nake ji. Ashe ke ma kina karantawa?"

(Har yau in na tuna wannan jimlar sai in ji kamar in shige ƙarƙashin gado.)

Ba ta ma saurare ni ba, ta wuce. Sai idona ya faɗa kan Hauwa, zaune daɓas a ƙasa, ɗankwali ya zame, an karɓe jaririyar daga bayanta, tana ta danna waya tana kai wa kunne, layin ba ya shiga. Ba ihu take yi ba. Bakinta kawai ke motsi. A nan kaina ya fara haɗa lissafi. Na tambayi wata yarinya wa ya kawo labarin. Ta ce Gwaggo Asabe ce ta ji daga bakin amaryar Malam Sani, wai mutanen daji sun tare shi a hanyar Moriki, kuma ga su nan tafe cikin gari. Malam Sani maigidana ne. Amaryarsa kuwa ba sai na faɗa ba.

Kafin in motsa, Inna ta iso gabana. Ta kama hannuna biyu.

"Ɗiyata, yi haƙuri ki natsu ki gaya mani. Wa ya kira ki? Ina anka ga gawar?"

Kowa ya zubo mini ido.

"Inna," na ce, "ba wannan Garban ba ne."

"To wane?"

"Na littafi ne."

"Na mi?"

"Na cikin littafi, Inna. Labari ne muke karantawa ni da ƙanwata."

Ina rufe baki aka ji ƙarar babur a ƙofar gida. Sai ga Garba ya turo kai, fuska duk ƙura, katan ɗin lemo a kafaɗa, buhun tattasai a hannu, yana mitar taya ce ta yi masa faci. Wasu mata suka ƙwalla ƙara suka watse, don a saninsu gawa ce ta yi sallama. Ya tsaya ya dubi takalma, ya dubi zoɓon da ke malala, ya dubi matarsa a ƙasa.

"Subhanallahi! Wa ya rasu?"

"Kai," in ji Gwaggo Asabe.

Hauwa ta miƙe, ta je ta taɓa hannun rigarsa, sai a lokacin kukan ya zo mata. Ni kuma na tsaya kamar an dasa ni, ina addu'ar ƙasa ta tsage.

Da hankali ya fara dawowa, aka aika waje a gaya wa maza su kwantar da hankali, sai Gwaggo ta jawo kujera ta zauna a gabana, ta gyara ɗauri. Shari'a ta fara.

"Wanga Garban naki, ɗan wane gari ne?"

Na ce garin babu shi a duniya.

"Musulmi ne? Don ni na riga na karanta mashi Ƙulhuwallahu."

Na ce littafin bai faɗa ba.

"Yana da iyali?"

Da na yi shiru da ya fi. Amma bakina ya ce, "Ba shi da kowa, Gwaggo, sai dokinsa da macijinsa."

Wata daga baya ta fara ƙyalƙyalewa, sai dariya ta kama gidan kamar gobara, irin dariyar mutanen da suka tsorata suka dawo. Har ƙawayen amarya suka zare sakata suka leƙo. Ana cikin haka ƙauri ya taso daga rumfa. Tuwon da Gwaggo ta bari a wuta ya ƙone har ƙasan tukunya, kuma kowa ya san wa za a ɗora wa.

Inna ba ta yi dariya ba. Da magariba ta kira ni ɗakinta, na durƙusa kaina a ƙasa. Ba ta ɗaga murya ba. Cewa ta yi, "Na san ba da gangan kinka yi ba. Amma ki sani, mutanen da kinka ga suna gudu, sun taɓa gudu da gaske. Hauwa wanta anka kashe a hanyar nan. Tashi ki tai ki ba ta haƙuri." Wannan ya fi mini zafi da duk dariyar da aka yi. Na je na samu Hauwa tana shayar da 'yarta. Na faɗi duk abin da zan iya faɗa. Ta daɗe ba ta dube ni ba, daga baya ta ce, "Allah ya kyauta," ta miƙo mini jaririyar in riƙe mata.

A mota, kan hanyarmu ta komawa Ƙaura, maigida ya maida hankali kan tuƙi. Na gama shirya yadda zan karɓi faɗa. Sai da muka kusa gida ya yi gyaran murya, idonsa a kan titi, ya ce, "To wai shi macijin, ina ya je aka kashe mutumin?"

Abin takaicin bai ƙare a nan ba. Da na karɓi littafin na karanta da kaina, sai na tarar Rukayya ko babin ba ta ƙarasa ba ta kira ni. Can gaba kaɗan sai ga Garba ya fito daga wani kogo yana ɗingishi, wai ashe suma ya yi. Wato na watsa biki, na ƙona tuwon jama'a, na zubar da mutuncina a gaban surukai, a kan mutumin da ko a takardar ma bai mutu ba.

Ni da Hauwa yanzu mun zama ƙawaye, har zumunci muke yi a waya. Mijinta kuwa duk inda muka haɗu sai ya cire hula ya rusuna ya ce, "Malama, mamaci na gaisuwa." Gwaggo Asabe kuma ba ta taɓa sallamata ba tare da ta tambaye ni ya ƙarin haƙuri ba.

Ban daina karatun ba, kada in yi muku ƙarya. Abin da na koya shi ne, a ƙasarmu labarin mutuwa ba ya jiran a gama jimla. Don haka yanzu in zan ce wani ya mutu, sai na fara faɗin a shafi na nawa.